Tamojin fuska: abin da haɗin gida zai iya gyarawa da wanda ya fi ƙarfinsa

Wata Hajiya, malamar firamare a Tudun Wada mai shekara 46, ta aiko da tambaya. Ta ce tun da sanyin bana ya shigo ta lura da ƙananan layuka a gefen idanunta da goshinta, idan ta shafa hoda ma sai ta kwanta a cikinsu ta ƙara tona su. Ƙawaye sun yi ta ba ta shawara: wata ta ce lemon tsami da zuma, wata ta ce farin ƙwai, wata kuma ta kawo mata wani mai a roba marar suna, wai haɗin gargajiya ne zalla. Tana son sanin abin da za ta haɗa da hannunta a gida ya rage tamojin ba tare da ta ɓata fuskarta ba.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kafin ki sayi komai, ki fara da wannan gwajin gobe da safe. Ki wanke fuska da ruwa mai ɗumi, kada ki goge ta ƙaf, ki murza man kaɗe kamar ƙwayar wake a tafin hannu har ya narke, ki dafa shi a fuskar. Bayan rabin awa ki tsaya gaban madubi kusa da taga, ki saki fuskarki, ba murmushi ba haɗe rai. Layukan da suka ɓace na bushewa ne, kuma su ne haɗin gida yake maganinsu sarai. Waɗanda suka rage suna nan daram, asalinsu yana can ƙasan fata inda zuma da mai ba sa kaiwa. Akwai kuma na uku, waɗanda ba sa fitowa sai kin yi dariya ko kin ɗaga gira. Waɗannan aikin naman fuska ne, kowa yana da su, har 'yar shekara ashirin. Yawancin matan da suke zuwa mini da irin kukanki tsakanin Disamba da Fabrairu, kashi mafi yawa na abin da yake damunsu na farkon ne.

Fata hawa-hawa ce. Hawan sama siriri ne ƙwarai, matattun ƙwayoyin halitta ne da kitse ya liƙe su, aikinsu riƙe ruwa a ciki da tare datti a waje. A ƙarƙashinsa akwai hawa mai kauri wanda aka saƙa da zaruruwan furotin, babba cikinsu shi ne kolajin, sai wani mai talewa ya koma da ake kira ilastin. Mu a Zariya ba baƙin fata ba ne, ga dukawa a cikin birni, ga cibiyar koyar da aikin fata a Samaru. Abin da majemi yake tsirar da shi bayan ya kankare gashi da nama, wannan kolajin ɗin ne. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon takalmin fata ya san cewa idan ya bushe ya yi tauri, mai yana dawo masa da laushi, amma inda zaren ya riga ya karye ya bar gurbi, ko tulun mai aka juye masa gurbin yana nan. Haka fuska take, bambancin kawai ita rayayya ce, tana ci gaba da saƙa sabon zare, sai dai saƙar tana raguwa da shekaru. Daga wajen shekara ashirin da wani abu ana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na kolajin a kowace shekara. Ga mata kuma akwai gangara mai tsanani a lokacin ɗaukewar al'ada, inda kusan kashi 30 cikin 100 kan tafi a shekaru biyar na farko, saboda raguwar istirojin, sinadarin halittar jikin mace. A shekarunki kina bakin wannan gangarar, don haka kada ki yi mamaki idan fatar da ba ta taɓa neman mai ba yanzu ta koma tana sha kamar ƙasar rani.

Allah Ya yi wa baƙar fata gata a nan. Sinadarin melanin da ya ba mu launi yana tare wani kaso na hasken rana mai lalata kolajin. Wani awo da aka yi a Amurka a 1979 ya nuna kariyar da baƙar fata take da ita daga halitta ta kai kusan 13 a ma'aunin SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariya daga rana, ta farar fata kuwa ba ta wuce 3 da ɗoriya ba. Shi ya sa Baturiya 'yar arba'in takan fi 'yar'uwarta Bahausa tamoji nesa ba kusa ba. Tsufanmu ya fi bayyana ta wasu hanyoyin: launi ya rarrabu, kumatu su yi duhu, naman fuska ya ɗan sauko, layin da ke tsakanin hanci da baki ya zurfafa. Saboda haka idan mace baƙa ko wankan tarwaɗa ta zo mini da ƙananan tamoji barkatai tun ba ta kai hamsin ba, tambaya biyu nake yi. Da me kike wanke fuska a hunturu? Me kike shafawa?

Mu fara da hunturun. Iskar da take busowa daga Sahara tun daga Nuwamba ba ta ɗauke da laima ko kaɗan, kuma duk abin da ta samu da danshi sai ta tsotse shi, daga leɓe har dunduniya. Ke kuma kina wanke fuska aƙalla sau biyar a yini don alwala, sau da yawa da ruwan zafi saboda sanyin asuba. Kowane wanki yana tafiya da ɗan kitsen da ke saman fata, ruwan da ya rage a fuska kuma idan iska ta busar da shi sai ya ja na cikin fatar su tafi tare. Ki ƙara da ƙurar alli a aji, da sabulu mai kumfa da safe da dare, da soson da wasu ke dirzar fuska da shi wai don ta fita tas. Fata tana da ɗan tsami na halitta, awonsa wajen 5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami inda ƙaramar lamba take nufin tsami mai yawa, sabulun wanka na gama-gari kuwa yana kai 9 zuwa 10. Jin fuska ta yi "ƙarau" ta ɗaure bayan wanka alama ce ta an kwashe mata kariya, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukar hakan tsafta. Sabulun salo ma, da ake yi da toka da mai, yana cikin wannan sahun. Ba na hana shi, yana da kyau ga mai maiƙon fuska a lokacin zafi, amma a hunturu ki taƙaita sabulu a fuska zuwa sau ɗaya, da dare, ki yi kumfar a hannu ki shafa da yatsu, kada ki goga dunƙulen a fata. Da safe ruwa mai ɗumi kaɗai ya isa. Soso kuma ya tsaya daga wuya zuwa ƙasa.

Sai man kaɗe, wanda a ganina duk cikin kayan gida babu na biyunsa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa 'ya'yan kaɗanya a duniya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi, kuma kamfanonin man shafawa na Turai daga yankinmu suke saye su zuba kaɗan a kwalba su sayar da tsada. Kitsen da ke cikinsa yana cike gibin da ke tsakanin ƙwayoyin saman fata, ya rage fitar ruwa, yana kuma da wasu sinadarai masu kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Za ki same shi a kasuwar Sabon Gari ko ta cikin birni. Ki nemi wanda ba a tace ba, mai launin hauren giwa ko mai ɗan ruwan toka, mai ƙamshin hayaƙi-hayaƙi irin na gyaɗar da aka soya. Ki ɗan lakata ki sa a bayan hannu: na kirki zai narke da ɗumin jikinki ya bi fata ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba. Wanda ya yi wari mai hawa kai ya tsufa, ki bar shi. Wanda ya yi rawaya sosai kuma sau da yawa an ƙara masa wani abu ne don launi.

Ga yadda nake koya wa mata su sarrafa shi don ya yi daɗin shafawa a fuska. Ki sa cokali huɗu na man kaɗe a ƙaramin kwanon silba, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, ya narke a hankali. Kada ki ɗora shi kai tsaye a kan wuta, ƙonewa zai yi. Idan ya narke ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, za ki yi mamakin ɓawo da yashin da za su tsaya a ƙyallen. Ki zuba cokali ɗaya na man riɗi ko man zogale, ki juya, ki rufe ki bar shi ya fara daskarewa daga gefe. Daidai lokacin da ya yi kaurin kamu sai ki buga shi da cokali mai yatsu na wasu mintuna har ya yi fari ya tashi. Ki juye a busasshiyar kwalba mai murfi, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Sharaɗi ɗaya ne mai muhimmanci: kada ɗigon ruwa ya shiga, kada kuma ki zuba zuma ko alobera ko madara a ciki don "ƙarin ƙarfi". Mai zalla yakan yi watanni lafiya lau, amma da zarar ruwa ya shiga ƙwayoyin cuta da fumfuna sun samu gida, kuma ba ki da sinadarin hana lalacewa irin na kamfani. Turare ma ki bar shi, humra da miski na jiki ne da tufafi, a fatar gefen ido sukan jawo ƙaiƙayi da duhu.

Lokacin shafawa ya fi yawan abin da aka shafa tasiri. Mai ba ya kawo ruwa, riƙe wanda ya tarar yake yi. Idan kin shafa shi a busasshiyar fuska za ki yi ƙyalli kawai, ƙasan yana nan a bushe. Ki shafa cikin mintuna biyu zuwa uku bayan wanka ko alwala, fatar tana da sauran danshi. Ki ajiye 'yar ƙaramar kwalba a jakar makaranta saboda alwalar azahar. Kaɗan ake sawa, yadda fata za ta shanye kafin sallah ta gaba. A gefen ido ki yi amfani da yatsan zobe ki daddafa, kada ki ja, domin fatar wurin ita ce mafi siranta a duk jiki.

Idan fuskarki mai saurin kuraje ce, man kaɗe yana iya yi miki nauyi a goshi da hanci. Sai ki tsaya a gefen ido da kumatu da wuya. Man kwakwa ya fi shi toshe ƙofofin gashi, na fi son sa a ƙafa da hannu. Man zaitun kuwa, duk da darajarsa a wurinmu, ya fi amfani a ciki fiye da a fuska mai bushewa: wani gwaji da aka yi a Sheffield ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna shafa shi kullum na makonni huɗu ya raunana shingen saman fata, har wasu suka yi ja. Ki zuba shi a kwaɗon zogale. Kuma bari in yi wa baselin adalci, tunda yanzu ana yi masa kallon kayan talaka ko "kemikal". Ba daga itace ya fito ba, gaskiya ne, amma wajen hana ruwa fita daga fata babu man da ya kamo ƙafarsa, kuma da wuya ya yi wa wani illa. Iyayenmu da suke shafe yara da shi a hunturu sun san abin da suke yi. Ɗan kaɗan a gefen ido da leɓe kafin barci ya wadatar. Gilisirin da ake samu a kemis shi ma abin kirki ne, shi yana jawo ruwa ne. Ki tsarma kashi ɗaya da kashi huɗu na ruwa a tafin hannu, ki shafa, ki bi da mai a kai.

Zuma tana aiki irin na gilisirin. Kindirmo kuma yana da ɗan tsami mai laushi wanda yake sassauta matattun ƙwayoyin saman fata su zube, fuska ta yi santsi. Cokali ɗaya na zuma, cokali ɗaya na kindirmo marar sukari, ki haɗa ki shafa, ki bari minti goma zuwa sha biyar, ki wanke ki bi da mai. Sau ɗaya ko biyu a mako. Ki haɗa wanda za ki yi amfani da shi a take, ragowar ki zubar. Alobera tana sanyaya fata tana ba ta danshi, sai dai idan kin yanko ganyen ki tsayar da shi a kofi na ɗan lokaci ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye, shi ne yake sa ƙaiƙayi, sannan ki fere ki ɗebi farin majinar ciki. Kokwamba a ido, ruwan shinkafa, kurkur: ba su da laifi, suna sanyaya rai, amma kada ki sa musu ran goge layi. Kowane sabon abu, ko zuma ce, ki fara gwada shi a cikin dantse ki jira kwana biyu.

Farin ƙwai da ƙawarki ta ce dabara ce ta ido. Yana bushewa ya ɗaure fata kamar sitati, ki ga fuska ta miƙe, kina wankewa ta koma yadda take. Alimun ma haka, ga busarwa. Ga ƙarni, ga haɗarin ƙwayoyin cutar ɗanyen ƙwai kusa da baki da ido. Ki dafa ƙwan ki ci.

Lemon tsami kam ina roƙonki ki bar shi a kunu da shayi. Tsaminsa yana wajen 2 a ma'aunin pH, wato ya ninka na fata sau ɗaruruwa, yana cin saman fata. Bayan haka akwai wasu sinadarai a ruwansa da ɓawonsa waɗanda idan rana ta same su a kan fata sai su ƙona ta, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa. A baƙar fata duk inda ya ƙone ko ya kumbura baƙin tabo yake bari, tabon kuma yakan yi watanni, wani har shekara. Garin gyaran gira a rasa ido kenan. Kanwa da soda suna ɗaya gefen ma'aunin, su ma ɓarnar iri ɗaya ce. Man goge baki na haƙori ne. Dirzar fuska da sukari ko gishiri ko dakakken ɓawo yana yayyaga fata ta yadda ido ba ya gani. Dilka da halawa, waɗanda suka zo mana ta Borno daga Sudan suka zama dole a gyaran amarya, suna da kyau a jiki idan mai yin ta san hannunta, amma fuskar mai shekara 46 ba ta bukatar murza da fizga irin ta 'yar sha takwas.

Yanzu ga robar nan marar suna, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk tambayarki. Kada ki shafa ta. Ban ga abin da ke ciki ba, amma na ga fuskoki da yawa da irinta ta lalata. Abin da ake yi shi ne a samo man kaɗe ko wani farin mai, a matse tub-tub na magungunan fata masu ƙarfi a ciki, irin su kulobetasol da betametason, wani lokaci da haidurokwinon, sinadarin ƙara hasken fata, ko makuri mai guba, a zuba turare, a liƙa masa sunan gargajiya ko "oganik", a tallata a WhatsApp. Kulobetasol magani ne na gaske, muna rubuta shi ga cututtukan fata masu tsanani na 'yan makonni, kuma ba ma sa shi a fuska sai da dalili mai ƙarfi. Aikinsa har da hana fata saƙa kolajin. Mako biyu na farko mace za ta ga ta yi haske ta yi sumul, kowa yana tambayarta sirrin. Bayan watanni fatar ta zama kamar takardar sigari: koren jijiya ya bayyana a kumatu, rana kaɗan ta sa fuska ta yi ja tana zafi, gashi ya tsiro a haɓa, kuraje su feso, nankarwa mai faɗi ta keto a hammata da cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi su bar sauran hannun. Melanin ɗin da yake kare ta an kore shi, kolajin an hana shi fitowa, rana kuma tana nan. Tamojin da ya fi kowane muni da nake gani a wurin aiki a fuskar 'yan talatin da wani abu masu shafe-shafe yake, ba a fuskar tsofaffin ƙauye ba. Haidurokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu wanda kusan ba ya fita. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa, yana kuma kaiwa ga jariri a ciki da a nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ƙa'ida mai sauƙi: babu ganye ko mai na halitta da yake canza launin mutum cikin mako biyu. Duk wanda ya yi haka, da magani a ciki. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke kira "sha ka fashe" su ma wasunsu dangin su kulobetasol ne, kuma suna sirantar da fata daga ciki.

Abin da yake rage saurin zuwan tamoji na gaske shi ne raba fuska da rana, kuma mafi yawansa kyauta ne. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, ranarmu mai ƙarfi ce duk shekara, hazon hunturu ma ba ya tare nau'in hasken da yake ratsawa ya kai ga kolajin. Hijabi ya rufe miki wuya da kunne, amma ya bar goshi da kumatu da hanci, daidai wuraren da kike kuka da su. Lokacin tashi daga makaranta, wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu, shi ne ganiyar hasken. Laima a jaka, tsayawa a inuwa wajen jiran Keke, zama a ƙarƙashin bishiya lokacin tara: waɗannan sun fi kowane haɗi. Manoman da suke sa malafa ba don ado suke yi ba. Man kaɗe ba ya maye gurbin man kariyar rana, kariyarsa kaɗan ce ainun. Idan da hali ki sayi mai SPF 30 ko sama, wanda yake tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, ki shafa da safe a kan man kaɗen, ki sake bayan alwalar azahar idan za ki shiga rana. Wani bincike a Ostareliya da aka wallafa a 2013 ya bi mutum 903 na tsawon shekara huɗu da rabi, ya samu cewa masu shafa shi kullum tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na masu shafawa jefi-jefi da kashi 24 cikin 100. Fararen fata ne aka gwada, ribarmu a tamoji ba za ta kai tasu ba, amma wajen hana duhun kumatu da tabo mu muka fi su bukata. Ki gwada kaɗan a bayan hannu kafin ki biya, don wasu suna barin fari-fari kamar toka a baƙar fata.

Wani abu da ba a cika kawowa ba: idonki. Bayan shekara arba'in kusan kowa yakan fara wahalar karanta ƙananan rubutu. Malama mai duba littattafan yara tana ƙanƙance ido tana haɗe gira awa da awanni, layukan tsakanin gira da gefen ido kuma da maimaita motsi suke zama. Ki je a auna idonki. Tabarau na karatu da na rana sukan yi wa goshi abin da mai bai yi ba.

Ta fannin abinci, jiki ba ya iya saƙa kolajin sai da furotin da bitamin C. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, nono, nama gwargwadon hali. Gwaiba ta ninka lemon zaƙi bitamin C sau uku zuwa huɗu, garin 'ya'yan kuka ma yana da shi sosai, haka tattasai da ɗanyen tumatir da zogalen da ba a dafe shi ya mutu ba. Ganda kolajin ce kusan zalla, amma ciki yana narkar da ita ne kamar kowane furotin, ba ta tafiya fuska kai tsaye. Ki ci don daɗinta. Yawan sukari a jini yana sa zaruruwan kolajin su yi tauri, wannan ƙarin dalili ne na rage lemon kwalba. Ruwa ki sha daidai ƙishirwa, jarka guda ba ta goge layi. Taba da shisha suna tsufar da fata, wannan tabbatacce ne, hayaƙin itace ma an samu alaƙarsa da yawan tamoji a wani bincike kan matan Sin masu girki da itace da kwal. Idan da murhu kike girki, ya zama a fili inda iska take wucewa.

Layukan da suka rage bayan gwajin madubi, idan sun dame ki, akwai maganin da aka tabbatar yana sa fata ta ƙara saƙa kolajin: tiretinoyin, ɗan gidan bitamin A, wanda Amurka ta amince da shi don kuraje a 1971, sannan don tamoji a 1995. Yana rage ƙananan layuka, ba ya share masu zurfi, kuma sai an yi wata uku zuwa shida ana shafawa kafin a ga bambanci. Da farko yana sa bushewa da saɓa, shi ya sa ba na fara wa kowa shi a tsakiyar hunturu. Na fi so a jira damina, a fara da dare biyu a mako, da man kaɗe a kai. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi. Idan aka yi garaje da shi a baƙar fata tabo yake bari, don haka likita ne zai rubuta ya kuma bi sawu. Akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na Shika.

Idan kuwa kin riga kin fara shafa abin robar nan fiye da 'yan makonni, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin fuskar takan yi bore da ja da zafi da kuraje, abin da yake mayar da mata da yawa gare shi. Ki tafi da robar asibiti a tsara miki yadda za ki janye a hankali. Haka nan idan bushewar ta zo tare da rama, yawan ƙishirwa da fitsari, kasala, zubewar gashi ko kumburin wuya, a auna miki sukari da maƙoƙo kafin a ɗora laifin a kan iska.